Koren Biro a Shafi na Tara

Greenbelt, Asabar, 7 ga Oktoba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Hoton takardarka ya iso, na karanta sau uku. Gefen hagu ya ɗan yi duhu, in za ka ɗauka a gaba ka matsa kusa da taga. Tun da kunnen ya yi nauyi na san kiran waya wahala yake ba ka, mu ci gaba da rubutu kawai.

Ka ce in yi maka bayanin aikina yadda za ka iya gaya wa mutane. Ofishinmu ƙarami ne a cikin Washington, mu goma sha ɗaya, kuma ba na gwamnati ba ne. Muna rubuta rahotanni a kan yadda ƙasashe ke haɗa kai don kada kayan haɗa makaman ƙare dangi su faɗa hannun da bai dace ba. Rahoton bana a kan ƙananan tukwanen nukiliya biyu ne na bincike: ta Ghana kusa da Accra, da ta Zariya inda ka yi shekara goma sha shida kana gyaran wuta. Dukansu a da suna aiki da yuraniyom da aka tace sosai, kusan kashi casa'in cikin ɗari, irin wanda ake tsoro. An canza na Ghana a 2017, na Zariya a 2018, aka sa mai rauni, aka mayar da tsohon ƙasar China.

Shugabarmu, Madam Olive, tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa. Ba lambar da za ta fita daga ofis sai mutum biyu sun gan ta, wanda ya rubuta da mai dubawa. Mai dubawa yana riƙe da koren biro, yana sa harafin sunansa a gefen kowace lamba da kowace maganar da wani zai iya ƙaryatawa. In shafi ya yi kore, ita kanta ba ta sake dubawa.

Za a gabatar da rahoton a wani taron masana a Vienna ranar 8 ga Nuwamba. Mutum ɗaya za a tura. An zaɓi Naila, ƙawata 'yar Accra ɗin nan da muka gama digiri na biyu tare, aka ɗauke mu aiki rana ɗaya. Ita za ta rubuta, ita za ta tafi. Ni aka ba koren biro.

Wata biyar na yi ina tattara takardun nan, Baba. Ni na karanta kimiyyar nukiliya, ita hulɗar ƙasashe ta karanta. Madam Olive ta ce Naila ta iya riƙe ɗaki in tana magana. Gaskiya ne. Ni in na tashi magana sai na duba takarda. Ba haushi nake ji ba. Kawai dai na sayi wani shuɗin kwat tun watan Agusta, don an ce Vienna da sanyi.

Sai abu ɗaya. Da na ba Naila lambarka don ta tambaye ka yadda aikin yake a lokacinku, na ɗauka tambaya biyu ko uku ce. Jiya na hango wayarta a kan tebur. Ka aika mata saƙon murya goma sha huɗu, na haɗa su, minti hamsin da biyu. Mafi tsawon wanda ka taɓa aiko min sakan arba'in ne, shi ma a kan maganin ƙafa. Tambaya kawai nake yi.

A gaishe da Inna. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Furera

Laurel, Talata, 10 ga Oktoba

Furera ta Malam Sabo,

Salam. Ya sanyi? Ga rahoton nan na ajiye a kan teburinki, shafi ashirin da biyu. Ki tausaya min da koren nan naki, na san ke ko ɗigon aya ba kya bari. Lambobi naki ne, labari nawa, haka muka yi tun a makaranta, kuma ba mu taɓa faɗuwa ba.

Ki lura a shafi na uku na rubuta cewa Ghana ta riga Najeriya da shekara guda. Kada ki taɓa min shi. Gaskiya ce, ki haɗiye.

Babanki kuwa! Furera, me ya sa kika ɓoye min mutumin nan? Na saurare shi a jirgin ƙasa daga Laurel har na kusa wuce tashata don dariya. Ya ce in kira shi Baba, ni kuma na karɓa, sai ki yi haƙuri.

Roƙo ɗaya. Shuɗin kwat ɗin nan da ke rataye a bayan ƙofarki da takardar farashinsa a jiki. Antina Bariatu ta ce in na je Vienna da jaket ɗina za su ɗauka na zo kawo saƙo ne. Ki ara min, zan dawo miki da shi yana ƙanshin Turai. Zan kawo miki waakye, shinkafa da waken Ghana, ranar Juma'a, da ƙwai biyu.

Medaase, wato na gode, tun kafin ki ce to.

Taki,
Naila

Greenbelt, Juma'a, 13 ga Oktoba

Naila,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau.

Na duba wurare sittin da uku. Na gyara huɗu: sunan wata a shafi na biyar, sunan gari a shafi na bakwai, da lambobi biyu a jadawalin ƙarshe. Sauran duk na sa hannu. Na miƙa wa Madam Olive da ƙarfe uku da kwata.

Kwat ɗin yana cikin leda a ƙarƙashin teburinki. Kada a wanke shi da ruwa.

Na gode da waakye.

Furera

Greenbelt, Lahadi, 15 ga Oktoba

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Ban ga amsarka ba tukuna, amma na ce bari in sake rubutowa.

Jiya Kawu Maitama ya kira mu cin abincin rana a Germantown, ni da Naila. Ka san gidansa ranar Asabar, likitoci da injiniyoyi cike da falo. Muna shiga ya ɗaga murya ya ce, "Ga mai zuwa Vienna! A ba ta kujera mai hannu." Aka ba ta. Ni na zauna a kan abin ɗora ƙafa.

Wani ya tambaye ta me za ta gaya musu a can. Ta ajiye cokali ta fara, har matar Kawu ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana saurare. Duk abin da ta faɗa ni na samo shi. Shekarar da ta ambata, ni na tono ta daga wata tsohuwar takarda da na yi kwana tara ina nema. Amma a bakinta sai ya zama kamar tana wurin aka yi.

Kawu ya juyo ya ce, "Ke kuma 'yar Zariya, an zo maganar garinku an bar ki a tasha?"

Na ce, "Ni ce mai dubawa, Kawu."

Ya ce, "Dubawa? Kamar malamin jarrabawa? To Allah ya sa a riƙa biyan masu dubawa da tikiti." Aka yi dariya. Naila ta ce, "Kawu, in ba Furera ba, ni ko ranar haihuwata ba zan rantse a kai ba." Aka sake dariya. Na san yabo take nufi. Na ture kwanon tuwon gefe.

Baba, in mutum ya ga rami a hanya, ba shi ya haƙa ba, bai kuma tura kowa ba, shiru kawai ya yi, yaya sunan wannan? Ba wani abu ba ne. Tunani ne kawai ya zo min a jirgin Metro.

A gaishe da Inna.

'Yarka,
Furera

Samaru, Zariya, 21 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Furera,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardunki biyu sun iso. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, Innarki tana gaishe ki. Yau na zauna kusa da taga kamar yadda kika ce.

Maganar tafiya, ki yi haƙuri. Naki yana zuwa. Maitama kuwa tun muna yara bakinsa ya fi shi sauri, kada ki sa a ranki. Maganar rami ban gane ba. In a hanyar ofishinku ne ki gaya wa hukuma.

Yanzu ga albishir. Naila ta ce in ɓoye miki, wai tana so ta ba ki mamaki, amma ni ba na iya riƙe abin daɗi. Ta ce in aika mata hotona, na aika wanda na sa farar hula a bakin ƙofar cibiyarmu ta nukiliya. Za ta haska shi a bango a Vienna, ƙato, da sunana a ƙasa, Malam Sabo, mai gyaran wuta, Zariya. Kuma da maganata a kusa da shi. Na gaya mata abin da nake gaya wa mutane kullum, cewa abin da ke cikin tukunyar nan tamu ya isa a haɗa bam, mu kuma muka zauna da shi shekara da shekaru ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Ta ce wannan maganar ita ce zuciyar rahoton, ta riga ta sa ta a shafi na tara, suna ne kawai za ta ƙara. Ta ce ke da kanki kin duba kin sa hannu, don haka ba mai ja.

Na gaya wa Ɗanliti mai shayi, yanzu duk layinmu an sani. Har wasu tsofaffin abokan aikina sun ce za su nemi a nuna musu ta waya. Furera, ni da ban wuce makarantar koyon sana'a ba, ga sunana a gaban masanan duniya, kuma da sa hannun 'yata a kai. Ban san da me zan gode wa Allah ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Sabo

Greenbelt, Litinin, 23 ga Oktoba

Naila,

Salam. Ina fatan kin isa gida lafiya. Na kasa faɗa miki a ofis, shi ya sa na saka wannan a jakarki.

Layi na shida a shafi na tara ba daidai ba ne. Yuraniyom ɗin da aka cire daga Zariya kusan kilo ɗaya ne. Ma'aunin da hukumar nukiliya ta duniya ke aiki da shi na abin da zai isa bam ɗaya kilo ashirin da biyar ne. Akwai masanan da ke cewa ƙasa da haka ma zai yi, amma ban san wanda ya ce kilo ɗaya ba. Mutanen da za su zauna a ɗakin nan sun san wannan kamar sunayensu. Da kin faɗa, da ba wanda zai ji sauran jawabinki.

Zan iya ce miki yau na gano. Ba haka ba ne. Na gani ranar Alhamis 12 ga wata da safe. Na ja layi a ƙarƙashinsa da fensir a kwafina, na rubuta 25 a gefe. Washegari na ɗauki koren biro na sa harafina a kai. Ban manta ba, ban gaji ba. Na so ki tsaya a gabansu cikin kwat ɗina, wani ya ɗaga hannu, ki rasa amsa. Na so Madam Olive ta ce da Furera aka tura. Har na tsara yadda zan ba ki haƙuri in kin dawo.

Kuma ba zan ce imani ne ya dawo da ni ba. Baba ne ya rubuto ya ce maganarsa ce, da hotonsa za a haska ta. Da ba don haka ba, ban san ko zan yi magana ba. Na tambayi kaina sau da yawa, ban samu amsar da nake so ba.

Na cike takardar janye sa hannu. Akwai layin da ke tambaya yaushe aka gano kuskuren. Na rubuta 12 ga Oktoba, na haɗa da kwafin fensir ɗin. Madam Olive ta karanta ta ce in ajiye biron a kan teburinta, za ta yanke shawara bayan Vienna. Kin san takardar zamana a ƙasar nan a jikin aikin nan take rataye. Ban faɗa don ki tausaya min ba. Na faɗa don ki san na sani.

Furera

Greenbelt, Litinin, 23 ga Oktoba

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa. Ka yafe min tun kafin ka karanta.

Abin da ke cikin tukunyar bai isa a haɗa bam ba. Kusan kilo ɗaya ne, ana bukatar ninkinsa sau da yawa. Ba za a iya haska maganar a Vienna ba, za a yi maka dariya, ni kuma ba zan iya jurewa ba. Wannan bai rage aikinku ba. Mai neman irin kayan nan ba lallai ya same shi a wuri ɗaya ba, kaɗan nan kaɗan can zai tara. Shi ya sa ƙasashe suka bi kowane kilo har suka kwashe. Kilonku yana cikin lissafin.

Ramin da na tambaye ka, wannan ne. Na ga kuskuren na sa hannu da gangan don Naila ta kunyata, ban san kai zan jefa ba. Kishi ne, Baba. Na tafiyar, da na kujerar gidan Kawu, da na minti hamsin da biyun nan. Na janye sa hannun a takarda, na rubuta musu ainihin ranar da na ga kuskuren, an karɓe koren biron, aikin ma ban sani ba.

Ka gaya wa Inna da kanka, ni na kasa.

'Yarka,
Furera

Laurel, Talata, 24 ga Oktoba

Furera,

Na karanta a tasha, na bar jirgi biyu suka wuce.

Shekara biyu muna cin abinci a kwano ɗaya. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ke a Greenbelt, wa ya kwana uku a ƙasan ɗakinki? Kika ci waakye ɗina ranar da kika sa hannun, da ƙwai biyu, kika rubuta "na gode".

Kin san abin da ban taɓa gaya miki ba? Ranar da aka zaɓe ni na je wurin Madam Olive na ce a tura mu biyu, ta ce kujera ɗaya ce. Ni tsoronki nake ji tun a aji. Kowa ya san in aka yi tambaya mai wuya ke ake kallo. Ni ina da baki, ke kina da abin da ake faɗa. Hoton Baba don ke na sa, don a san daga gidan wa labarin ya fito.

Laifina ne ban duba lambar ba, na karɓa. Na ji magana mai daɗi na ɗauka. Amma na ɗauka ne don na san kina bayana.

Kada ki zo teburina. Kwat ɗin kuma ba zan dawo da shi yanzu ba, sanyi bai san mun yi faɗa ba.

Naila

Samaru, Zariya, 29 ga Oktoba

Zuwa ga Furera,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Na kwana biyu ban je wurin Ɗanliti ba. Jiya na je na ce masa, ashe ba bam ba ne, kilo ɗaya ne. Ya ce, to Malam, shekara ashirin kana sa mu shan shayi da fargaba a banza? Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya wuce. Ba wanda ya taɓa gaya min lambar, ni kuma ban taɓa tambaya ba, na ji ana tsaro sosai na ƙarasa sauran da kaina.

Abin da kika yi wa yarinyar nan ba kyau, kin sani, ba sai na ƙara ba. Da kika rubuta ranar gaskiya a takardar, wannan kuma na san 'yata ce.

Kin tambayi minti hamsin da biyu. Zan gaya miki. Ita in ta yi tambaya sai ta bar ni in yi ta zuba. Ke tun kina aji shida, in na ce abu ya kai shekara goma sai ki ce tara ne, Baba. Daidai kike faɗa kullum. Sai na koyi gajarta magana a gabanki don kada in yi kuskure. Ba ƙauna ce ta gajarta ba.

Na aika wa Naila sabuwar magana: ban san nauyinsa ba, an ce in kula da wuta, na kula. In ta ga dama ta sa.

Ke kuma na aiko miki murya, minti goma sha ɗaya. Akwai shekarar da na san na kuskure a ciki. Ki bar ta.

Babanki,
Sabo

Vienna, Laraba, 8 ga Nuwamba

Furera,

Salam. An gama. Na ce kilo ɗaya. Wani tsoho a layin gaba ya ɗaga hannu ya tambayi me ya sa aka damu da kilo ɗaya, na ba shi amsar da kika rubuta wa Baba, shi Baban ya turo min ita. Hoton Baba ya fito da kyau, an tafa masa.

A aljihun ciki na kwat ɗin na samu wata takarda da rubutunki, 19 ga Agusta. Wane jirgi za a hau daga filin jirgin sama, ina za a sauka, minti nawa, wace ƙofa. Ita na bi. Ba kuskure ko ɗaya.

Madam Olive ta tambaye ni ra'ayina a kanki ta waya. Na ce rahoto na gaba ke ki rubuta, ni a ba ni koren biron. Ba ta amsa ba tukuna. In ta yarda, sai kin zauna kin koya min kowace lamba, don ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba.

Ban huce ba. Jirgina zai sauka a filin jirgin Dulles ranar Asabar, ƙarfe biyu da rabi na rana. Ki zo da jaket ɗina, yana kan kujerata a ofis, ki karɓi kwat ɗinki.

Naila